Mun buɗe wa kowa dokokin wasa, to suna da tambari fa? Kuma sunan wa zai hau littafin?

Sadiku Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin mu kai littafinmu maɗaba'a. Wasunku sun san mun gama fassara SRD 5.1 zuwa Hausa, wato kundin dokokin wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons da kamfanin Wizards of the Coast ya saki a 2023 ƙarƙashin lasisin Creative Commons (CC), wanda ke ba kowa damar ɗauka ya yi amfani da shi. A kan dokokin muka gina tamu duniyar: birane, sarautu, dodanni, taswira, da labarin da jagoran wasa zai bi da 'yan wasa. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Ina son duk mai so ya ɗauki fassarar ya gina nasa wasan ba tare da ya nemi izinina ba, amma ba na son gobe in ga sunan littafinmu da tambarinmu a bangon abin da ban san da shi ba. Sannan hannaye da yawa sun taɓa aikin nan. Wa ya kamata a rubuta sunansa, kuma a wane shafi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, Sadiku. Damuwarka ta farko ita ce ainihin damuwar da aka gina tsohon lasisin buɗe dokokin wasa, wato OGL (Open Game License), a kanta tun shekarar 2000, lokacin da Ryan Dancey ke jagorantar harkar a Wizards. Sun raba littafi gida biyu. Gida ɗaya dokoki ne: yadda ake kai hari, yadda ake lissafin ƙarfi, yadda sihiri ke aiki. Wannan kowa ya ɗiba. Ɗaya gidan shi suka kira Product Identity, ya ƙunshi sunaye, tambari, zane, labarai da fitattun halittun kamfani. Wannan ba a taɓawa.

Shi ya sa idan ka buɗe SRD ba za ka sami bayanin beholder ko mind flayer a cikin dodanni ba, alhali su ne kowa ya sani. Har sunayen sihiri aka aske. Melf's Acid Arrow ya koma Acid Arrow, Tenser's Floating Disk ya koma Floating Disk, don Melf da Tenser mutanen labarin kamfanin ne. Aikin sihirin yana nan yadda yake, sunan mai shi kawai aka ɗauke. Da wannan tsarin kamfanin Paizo suka fitar da wasan Pathfinder a 2009 daga dokokin bugu na 3.5 na wasan Wizards ɗin, suka yi tasu duniyar mai suna Golarion, su ma suka kulle ta.

Ɗan Tasha: Yaya Baban Khalifa, ni fa ban yarda da wannan rabon ba. In za a buɗe, a buɗe duka. Mu nawa ne muke wannan wasan da Hausa? Ko ɗaki ɗaya ba za mu cika ba, amma har mun fara maganar kulle suna. Kamata ya yi mu roƙi mutane su kwafa, su buga, su sayar, su ma sa sunan littafin a riga. Hakan ne zai yaɗa shi.

Sadiku Fagge: Ɗan Tasha, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ba kuɗi nake karewa ba. A ce wani ya rubuta labari mai cin mutuncin wata ƙabila ko wani addini, ya manna tambarinmu a bango, ya watsa a WhatsApp. Wa za a nema? Ni da nake da suna a ainihin littafin. Kai ma ka san yadda irin wannan ke tashi a garin nan.

Barista Rabi: Bari in raba muku abu biyu da kuke haɗawa. Haƙƙin mallaka daban, alamar kasuwanci daban. Haƙƙin mallaka yana kare rubutu da zane yadda aka tsara su. Alamar kasuwanci kuma tana kare suna ko tambarin da ke gaya wa mai saye daga hannun wa kaya suka fito. Lasisin CC BY 4.0, wanda aka saki SRD 5.1 da shi, ya faɗa ƙarara cewa bai ba da izinin amfani da alamar kasuwanci ba, kuma ya hana wanda ya ɗauki aikinka ya nuna kamar kai ka amince da nasa ko ka ɗauki nauyinsa. Har ma ya ba ka damar ka ce a cire sunanka daga aikin da ba ka so a danganta ka da shi. Don haka, Malam Sadiku, tsoron da kake ji lasisin bai manta da shi ba.

Amma akwai rami. CC ba shi da wancan rabo na gida biyu da OGL ke da shi. Duk abin da ke cikin fayil ɗin da ka sa wa lasisin ya tafi, sai abin da ka ware a fili, kuma ba a janye shi. Wizards da kansu sun faɗa ramin. Da suka saki SRD 5.1 a ƙarƙashin CC, sai mutane suka gano sunan Count Strahd von Zarovich, wani fitaccen mugu a labaran kamfanin, a cikin bayanin wata baiwar paladin (wani nau'in jarumi a wasan), an kawo shi a matsayin misali. Labarinsa bai fita ba, amma ambaton sunan ya shiga rubutun da aka saki. Da suka fitar da SRD 5.2 a Afrilun 2025 sun share irin waɗannan, har wani kayan sihiri mai suna Deck of Many Things suka sauya masa suna zuwa Mysterious Deck. In kamfani mai tarin lauyoyi ya yi wannan tuntuɓen, ina ga mu? Shawarata: fayil biyu. Ɗaya dokoki tsantsa, babu sunan birninku ko sarkinku ko a cikin misali. Shi za ku sa wa CC. Ɗayan cikakken littafi.

Ɗan Tasha: Barista, ai na karanta cewa dokar wasa ma ba ta da haƙƙin mallaka tun farko. To me ake ba mu kyauta?

Barista Rabi: A dokar Amurka haka ne, tsari da hanyar yin abu ba sa samun kariya, tun shari'ar Baker da Selden ta 1879 ake kan wannan. Amma kalmomin da aka bayyana dokar da su suna da kariya. Fassara kuwa kalmomin take bi jimla bayan jimla. Ba don lasisin ba, abin da su Sadiku suka yi sai da izini. Abu na biyu da lasisi ke ba ƙaramin mawallafi shi ne kwanciyar hankali: ba sai ya je kotu ya gwada inda iyakar take da kuɗin da ba shi da su ba.

Maman Ilham: Kun yi ta magana a kan tambari, tambayar Sadiku ta biyu ba wanda ya taɓa, ita ce kuma ta dame ni. Na taɓa yi wa wasu zane na wani wasan kati. Sunana yana ƙasan kowane hoto da ƙananan baƙaƙe. Da suka sake bugawa sai suka rage girman katin, aka datse gefen ƙasa, sunan ya tafi tare da shi. A takardar da ke cikin kwalin an gode wa maɗaba'a, an gode wa wanda ya ba da wurin taro, ni babu. Da na yi magana aka ce ai an biya ni. Gaskiya ne an biya ni. Amma mai zane da sunanta take samun aiki na gaba. Wanda ya ga katin ya yaba, wa zai nema?

Baban Khalifa: Hajiya, maganarki ta taɓo wani abu da mutane ba su lura da shi ba a murnar 2023. Tsohon OGL yana da sashe na 15. Duk wanda ya ɗauki abu daga wani littafi dole ya kwafo sanarwar mallakar wancan littafin gaba ɗaya, haɗe da ta duk littattafan da shi ma ya ɗauko daga gare su, sannan ya ƙara tasa a ƙasa. Kamar isnadi: wane daga wane daga wane, har a kai tushe. Za ka ɗauki littafin Pathfinder ka ga shafin ƙarshe cike da ƙananan rubutu, mutane na ƙorafin tsawonsa, amma sunayen marubuta suna ciki.

A SRD 5.1 na OGL, layin ya ambaci Mike Mearls, Jeremy Crawford, Chris Perkins, James Wyatt da sauran abokan aikinsu, ya rufe da cewa an gina a kan aikin Gary Gygax da Dave Arneson, waɗanda suka ƙirƙiro wasan. Yanzu duba jimlar da ake buƙata a na CC. Sunan kundin, sunan kamfani, adireshin intanet, sunan lasisi. Babu ɗan Adam ko ɗaya. Sun ma roƙi kada a ƙara wani ambato game da Wizards bayan wannan, sai dai an yarda ka ce aikinka ya dace da bugu na biyar na wasan. Lasisin ya fi na da sauƙi da aminci, ban musa ba. Amma mutanen da suka rubuta dokokin sun faɗi a hanya.

Kuma abin ya fi ciwo idan ka tuna Arneson sai da ya kai TSR, kamfanin da ya fara buga wasan, kotu a 1979 a kan suna da kason kuɗi, aka sasanta a 1981. Mutumin da ya yi shari'a don a ambace shi, yau ana iya buga littafi dubu a kan aikinsa ba tare da sunansa ba, kuma ba a karya doka ba.

Ummi 'yar BUK: Don Allah ku yi haƙuri da ni, ban daɗe da shigowa harkar ba. Me ya faru a 2023 ɗin da ake ta ambata?

Habu Mai Kati: Ƙanwata, a farkon Janairun 2023 shafin Gizmodo ya fallasa daftarin sabon lasisi, OGL 1.1. A ciki Wizards na son soke tsohon da mutane suka dogara da shi fiye da shekara 20, su karɓi kashi 25 cikin 100 na abin da ya haura dala 750,000 a cinikin mawallafi, kuma su sami damar amfani da abin da ka ƙirƙira ba tare da sun biya ka ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi tayar da hankalin ƙananan marubuta, don kuɗin bai kai gare su ba, amma aikinsu ya shiga. Mutane suka riƙa soke rajistarsu a shafin intanet na kamfanin, wato D&D Beyond. Paizo suka ce za su yi nasu lasisin. Wizards suka kawo wani daftarin, 1.2, suka nemi ra'ayi, sama da mutum 15,000 suka amsa, kashi 88 suka ce ba za su buga komai a ƙarƙashinsa ba. Ranar 27 ga Janairu suka janye, suka bar tsohon OGL yadda yake, suka saki SRD 5.1 a CC. Shi ne wanda su Sadiku suka fassara.

Ummi 'yar BUK: Na gode Yaya Habu. To na Paizo ɗin fa?

Habu Mai Kati: Shi ne ORC, an kammala shi a tsakiyar 2023, kamfanin lauyoyi na Azora Law ya rubuta, aka ajiye kwafinsa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka don kada wani ya zo ya ce an sauya. Ni a ganina shi ya fi dacewa da abin da Sadiku ke so. An yi shi ne musamman don wasanni. Dokoki a buɗe suke dole, kuma wanda ya ɗauka ya gina a kai shi ma dole ya bar nasa dokokin a buɗe. Sunaye, duniya, zane da tambari kuma a keɓe suke kai tsaye, sai in kai ka ce ka sake su. Sannan akwai sanarwar ambato da ke bin aikin duk inda ya je, kusan irin sashe na 15. Paizo da kansu sun koma kansa da littafin Pathfinder mai suna Player Core a Nuwamban 2023, suka cire abubuwan da ke da tushe a OGL. Sihirin Magic Missile ya koma Force Barrage, halittun da ake kira drow ma suka fita daga duniyarsu.

Malam Nura Wiki: Habu, ORC yana da kyau amma wa ya san shi a nan? Ka je ka ce wa mai maɗaba'a ko malamin makaranta ORC, sai ka yi awa kana bayani. CC kuwa akwai masu rubutu a Wikipedia ta Hausa da suke aiki da nau'insa na BY-SA kullum. Ni BY-SA zan ba da shawara a kan fassarar. Wanda ya gyara ta dole ya saki gyaransa da lasisi iri ɗaya, kada wani ya ɗauki wahalarku ya inganta ya kulle. Wasan Cairn na Yochai Gal haka yake, BY-SA 4.0, kuma ya faɗa a fili cewa ya gina a kan Into the Odd na Chris McDowall da Knave na Ben Milton. An fassara shi harsuna da dama saboda wannan sauƙin.

Sadiku Fagge: Ni da har ina tunanin in sa NC, wato a hana kasuwanci da ita.

Malam Nura Wiki: Kada ka yi. Wanda za ka hana shi ne yaron da zai buga kwafi kaɗan a Sabon Gari ya sayar wa abokansa ya mayar da kuɗin takarda, da marubuciyar da za ta rubuta ƙaramin labarin wasa ta sa masa farashi. Ɓarawo na gaskiya ba ya karanta lasisi. Kuma kai ma da Wizards sun sa NC, da littafinka bai isa kasuwa ba.

Ɗan Tasha: A nan dai ni da Malam Nura bakinmu ɗaya.

Barista Rabi: Duk wanda kuka zaɓa, ku tuna bai shafi asalin SRD ba. Shi yana nan a CC BY, jimlar Wizards dole ta fito yadda suka tsara ta, kuma dole ku nuna cewa kun sauya, wato ku rubuta cewa fassara ce. Lasisinku yana hawa ne kan abin da kuka ƙara.

Maganar tambari kuma. Rubuta "an keɓe" a littafi yana da amfani, amma bai kai rajista ba. Mutane da yawa suna ɗauka in sun yi rajistar sunan kasuwanci a CAC sun gama. Ba su gama ba. Alamar kasuwanci ofishinta daban ne a Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, kuma aji-aji ake yi: aji na 28 na wasanni, na 16 na littattafai da kayan bugawa. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa 14.

Issoufou Damagaram: Barista, ina ƙara wani abu ga masu son littafin ya ƙetaro wajenmu. Rajistar Najeriya ba ta aiki a Nijar. Mu muna cikin OAPI, ƙungiyar da ke yi wa ƙasashenta rajistar alamar kasuwanci, mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya tana rufe ƙasashe 17, har da Kamaru da Cadi, na tsawon shekara 10. Najeriya ba ta ciki. Littafin Hausa kuwa bai san iyaka ba, in ya fito Kano yau, wata mai zuwa yana Maraɗi.

Baban Khalifa: Wani abin da zan so Sadiku ya duba shi ne yadda John Harper ya yi da wasansa Blades in the Dark. Ya saki dokokin a CC, ya riƙe birninsa da sunan wasan, sannan ya ba mutane wani tambari na daban, Forged in the Dark, wanda za su sa a nasu littattafan. Kamfanin Evil Hat ma haka suka yi da tambarin Powered by Fate. Kun ga an raba gardamar Sadiku da Ɗan Tasha. Tambari biyu: ɗaya naku ku kaɗai, ɗaya na jama'a mai nuna cewa wannan ya dace da wasanku amma ba ku kuka yi shi ba. Ka rubuta sharuɗɗansa a 'yan layuka, har da cewa ba a sa shi a kan abin cin mutunci.

Ɗan Tasha: Wannan na yarda da shi. Amma ina da tambaya ɗaya da nake son amsa ta gaskiya. Sadiku, na ga daftarin. Akwai Gizo da Ƙoƙi a ciki, akwai Dodo. Su ma za ka sa su cikin abin da ka keɓe? Don in ka yi haka ni da kai za mu ɓata. Ba kai ka ƙirƙire su ba, kakanninmu suka bar mana.

Sadiku Fagge: Subhanallah, ko kusa. Abin da na keɓe shi ne sunan littafi, tambari, biranen da muka ƙirƙira da sarakunansu. Lissafin ƙarfin Gizo da dabarunsa a wasa ma cikin fayil ɗin buɗe zan sa su.

Barista Rabi: Ka rubuta hakan a fili, kada ka bar mai karatu ya yi zato. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana da tanadi na musamman a kan al'adun gargajiya irin su tatsuniya, Hukumar Haƙƙin Mallaka ke kula da shi. Ba abin da mutum ɗaya zai ce nasa ne ba.

Maman Ilham: To mu dawo kan sunaye, don ban ga an tsayar da magana ba. Lasisi ya tilasta maka ambaton kamfanin Amurka. Bai tilasta maka ambaton wadda ta gyara maka ƙa'idar rubutu ba, ko wanda ya zauna yana nemo yadda za a faɗi sunayen makamai da Hausa, ko yaran da suka gwada wasan suka gano inda doka ta karye. In ka tsaya a abin da lasisi ya ce kawai, Wizards za su fito a kowane kwafi har abada, mutanenka kuwa su ɓace daga bugu na biyu. Abin da nake so shi ne jimlar ambaton da za ka buƙata daga masu ɗaukar fassarar ta ƙunshi sunayen mafassara ɗaya bayan ɗaya, ba sunan ƙungiya kawai ba. CC ya ba ka ikon faɗin waɗanda za a ambata. Ka yi amfani da shi. Yaba kyauta tukuici.

Zane kuma a rubuta shafi-shafi: hoton shafi kaza na wance, taswira ta wane. Ba a tara mu a layi ɗaya a ce "masu zane" ba.

Ummi 'yar BUK: Anti, ina goyon baya, amma a tambayi kowa tukuna. Ni ina cikin waɗanda suka gwada wasan. Akwai ƙawata da muka yi tare, gidansu ba za su ji daɗin ganin cikakken sunanta a littafin da ke da hoton aljanu a bango ba. Ta fi son a sa laƙabinta. Wata kuma ta ce kada a sa komai.

Sadiku Fagge: Wallahi ban yi tunanin wannan ba, Ummi. Zan tura wa kowa saƙo ya rubuto yadda yake so a sa shi. Akwai kuma gwaggona da na ɗauko yawancin tatsuniyoyin daga bakinta. Zan je in tambaye ta da kaina.

Baban Khalifa: Ka sa ta, in ta yarda, kuma ba a jerin godiya ba, a jerin waɗanda suka ba da labari. Game da su Gygax da Arneson, ni zan so a ambace su a gabatarwa a matsayin tarihi, cewa su suka fitar da wasan a 1974. Barista, hakan ya saɓa wa roƙon Wizards?

Barista Rabi: Faɗin tarihi a gabatarwa daban yake da sanarwar lasisi. Ku bar sanarwar yadda suka rubuta ta, kada ku ƙara mata komai, kada kuma ku sa sunan wasansu ko tambarinsu a bango. Malam Sadiku, kafin ka buga, ka samo rubutacciyar yarda daga kowane mafassari cewa ya amince a saki aikinsa da lasisin da kuka zaɓa. Ba za ka iya kyautar da abin da ba naka kai kaɗai ba. Saƙo a rubuce mai suna da kwanan wata ya fi alkawarin baki.

Sadiku Fagge: Na ji. Tsakanin BY-SA da ORC zan koma ga sauran mafassara mu yanke tare. Abin da ya rage mini shi ne taswira. Masu rubuta labarai a duniyarmu za su buƙace ta, amma zanen Maman Ilham ce. Hajiya, me kika ce?

Maman Ilham: Mai launi ta bango ina riƙe da ita, ba ta shiga lasisi. Zan yi muku wata baƙi da fari, hanyoyi da koguna da wuraren birane kawai, a sa ta cikin abin da masu tambarin jama'a za su iya amfani da shi. Sa hannuna zai kasance a tsakiya, kusa da alamar gabas da yamma, inda ba a iya datsewa. Ka turo mini girman shafin yau da dare in fara.